Masu Karatun Ƙwayar Ganet

Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa yana yankin Kola na ƙasar Rasha. A 1989 ya kai kilomita 12 da 'yan kai, daga nan zafin dutse ya hana a ci gaba. Shi kuwa lu'ulu'u, wanda 'yan kasuwa ke kira daimon, mafi yawansa a zurfin kilomita 150 zuwa 200 yake samuwa, can ƙarƙashin ɓawon ƙasa, cikin tsokarta da masana ke kira mantil. Babu wanda ya taɓa zuwa, babu na'urar da aka taɓa zurawa. Duk da haka akwai mutanen da za ka miƙa wa wata jar ƙwaya da ba ta kai milimita ɗaya ba, bayan 'yan kwanaki su gaya maka zafin wurin da ta zauna, da zurfinsa, da irin ruwan da ya taɓa ratsa ta, har su ƙara da cewa da alama ta yi maƙwabtaka da lu'ulu'u. Sunan ƙwayar ganet, kuma karanta ta sana'a ce mai matakai, kowane mataki da nasa kayan aiki da nasa ladabi.

Da farko sai a san yadda ta iso hannunmu. Akwai wani narkakken dutse mai yawan iska da kan taso daga zurfi, ya keta ƙasa da gudu, cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki ya fashe a sarari. Yana tafe yana ɓantaro duk abin da ya ratsa. In ya huce sai ya bar wani ginshiƙi mai faɗin baki da tsukakken gindi, shi ne kimbalait, sunan da ya samo daga garin Kimbali na Afirka ta Kudu inda aka fara haƙarsa wajen 1870. Kimbalait ba ya ƙera lu'ulu'u, dakonsa kawai yake yi. Kuma dakon ba shi da auki: a mahaƙa da yawa sai an niƙa tan guda na dutse kafin a samu abin da bai kai karat ɗaya ba, alhali karat kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Amma ganet da sauran abokan tafiyarta sun ninka lu'ulu'u sau dubbai a cikin dutsen. Saboda haka mai hankali ba ya ɓata kwanakinsa yana neman lu'ulu'u kai tsaye. Sawun abokan tafiyarsa yake bi.

Haka Larisa Popugaeva ta yi a yankin Yakutiya na Saiberiya. Ita da shugabarta Natalia Sarsadskikh sun lura da jajayen ƙwayoyi a yashin kogi, aka tabbatar musu irin na Afirka ta Kudu ne. A 1954 Popugaeva ta riƙa bin ruwa tana haurawa, tana wanke yashi tana lura da inda ƙwayoyin ke ƙaruwa, har ta tsaya a kan kimbalait na farko da aka gano a ƙasar Rasha, wanda aka raɗa wa suna Zarnitsa. A Botswana kuma, inda rairayin Kalahari ya binne duwatsu da mita gommai, gara ce ta taimaka. Tana haƙa ƙasa neman damshi, tana fito da ƙwayoyin zurfi zuwa sama, masu bincike suna tsintar su a ƙasar da ke kewayen suri. Ta irin wannan alama aka kai ga Jwaneng a farkon shekarun 1970, wadda har yau tana cikin mahaƙu mafi daraja a duniya.

Aikin hannu yana farawa tun daga zaɓen wurin ɗiban yashi. Ba ko'ina ake ɗiba ba. Ana neman inda ruwa ke rage gudu ya zubar da kayansa masu nauyi: bayan babban dutse, ko cikin kwarmin da ambaliya ta fafe a gindin kogi. A ɗebi kilo ashirin ko fiye, a tankaɗe da rariya iri-iri har a ware ƙwayoyin da ke tsakanin rubu'in milimita da milimita biyu. Sai a tsoma rariyar cikin ruwa, a riƙa ɗaga ta ana sauke ta da gajeren motsi, ana ɗan juya ta a hannu. Farin yashi nauyinsa bai kai ninki uku na ruwa ba, ganet kuwa ta haura ninki uku da rabi, don haka kowace girgizawa tana tura ta ƙasa, ta tattaro ta tsakiya. In motsin ya isa, sai a kife rariyar lokaci guda a kan shimfiɗa. A tsakiyar farin yashin za ka ga wata da'ira mai duhu, masu aikin suna ce mata ido. Wanda hannunsa bai faɗa ba, idonsa a warwatse yake fitowa, ya zubar da rabin abin da ya zo nema bai sani ba.

A ɗakin gwaji ana ƙara tacewa da wani ruwa mai nauyi wanda yashi ke yawo a kansa, ganet ta nutse, sannan a bi da maganaɗisu. Abin da ya rage ba ya cika cokali. Shi ake shimfiɗawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma mai ido biyu, mai tsinta ya zauna da ɗan hantsaki yana tura ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya. Yana neman ganet mai launin shunayya, da mai ruwan lemo, da wani kore shar da ake kira kurom-dayofsaid, da baƙaƙen ilmenait da kuromait. Yana kuma duban fatar kowace ƙwaya. In har tana ɗauke da kaushin da narkakken dutse ya bar mata, ba ta yi nisa da gida ba. In ta yi sumul, gefunanta sun goge, to ta sha tafiya. Mutum yakan wuni a kan ƙwayoyi dubbai ya tashi da uku ko huɗu, wani lokaci ya tashi hannu rabbana, kuma dole ya rubuta babu ɗin da gaskiya, domin babu ma labari ce a kan taswira.

Ido dai launi kawai yake gani. Ganet biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, ɗaya ta fito daga mazaunin lu'ulu'u, ɗayar daga inda ba a taɓa jin labarinsa ba. Kimbalait da aka sani a duniya dubbai ne, waɗanda suka cancanci a kafa musu mahaƙa kuwa kusan ɗaya ne cikin ɗari. A nan ne awo ke karɓar aiki daga ido. Ana jera ƙwayoyin sahu-sahu a kan tef mai manne, a zana taswirar jerin, kowace da lambarta, a zuba musu wani danƙo da ke daskarewa ya zama ɗan faifai mai faɗin milimita 25. Sai a goge fuskar faifan har a kai tsakiyar ƙwayoyin, a bi da garin lu'ulu'u har su yi ƙyalli babu ko ƙarzani, a shafa masa siririn kabon. Na'urar farko tana harba tsinin lantarki a kan wuri mai faɗin kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita. Kowane sinadari da ke wurin sai ya mayar da nasa irin hasken eksire, na'urar ta ƙirga. Bafaranshe Raymond Castaing ne ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1950, kuma ita ta buɗe wannan fage gaba ɗaya.

Abu biyu ake fara dubawa: kuromiyam da kalsiyam. Nikolai Sobolev a Rasha, da John Gurney na Jami'ar Kef Tawun, sun lura cewa ganet ɗin da ake samu a cikin lu'ulu'u kansa suna da yawan kuromiyam da ƙarancin kalsiyam. A 1973 Gurney da George Switzer suka nuna cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna nan a sake cikin dutsen mahaƙar Finsch. Da wasu masana, Dawson da Stephens, suka kasa ganet gida 12 a 1975, waɗannan suka faɗa gida na goma, shi ya sa har gobe ake ce musu G10. Daga baya Gurney ya ja layi a kan jadawalin kuromiyam da kalsiyam, wanda kashi 85 cikin ɗari na irin waɗannan ganet na cikin lu'ulu'u ke faɗawa ɓangarensa na ƙarancin kalsiyam.

Dalilin yana da daɗin fahimta. Fiye da shekara biliyan biyu da rabi da suka wuce, tsokar ƙasa da ke ƙarƙashin tsofaffin nahiyoyi ta sha narkewa mai yawa. Abin da ke saurin narkewa, irin su kalsiyam da alminiyam, ya tsiyaye ya tafi, kamar yadda mai ke fita daga gyaɗa in an matse ta, a bar tunkuza. Tunkuzar nan mai yawan kuromiyam da magniziyam ba ta da nauyi sosai, ba ta nutsewa, sai ta zama saiwa mai kauri da sanyi a gindin nahiya, har zurfin kilomita 200 ko fiye. Matsi mai yawa tare da zafi mai dama-dama, abin da kabon ke bukata ke nan ya zama lu'ulu'u maimakon girafait, baƙin abin nan na cikin fensir. Saboda haka G10 shaida ce cewa kimbalait ya ratsa ta irin wannan saiwa. Da wannan ilimi Charles Fipke da Stewart Blusson suka shafe kusan shekara goma suna bin ƙwayoyin da ƙanƙara ta ja ta warwatsa a arewacin Kanada. Gurney ya duba awon ganet ɗinsu ya ce masu kyau ne ƙwarai. A 1991 suka kai ga kimbalait kusa da tafkin Lac de Gras, a 1998 aka buɗe mahaƙar Ekati. Ƙa'idar tana da inda take tuntuɓe, gaskiya ne: mahaƙar Argyle ta Ostireliya ta yi arzikin lu'ulu'u ba tare da yawan G10 ba, domin nata daga wani jinsin dutse suka fi fitowa. Ƙwararre yana riƙe da wannan a ransa, ba ya yanke hukunci da alama ɗaya.

Inda abin ya fi burge ni shi ne mataki na gaba, wato ɓurɓushin sinadarai, waɗanda yawansu bai kai a ƙirga su da kashi cikin ɗari ba, sai dai kashi cikin miliyan. Ɗauki nikel. A can ƙasa ganet tana zaune jiki da jiki da wani ma'adini mai suna olibin, wanda shi ne mafi yawa a wurin, kuma nikel ɗinsa kusan kullum yana wajen kashi 3,000 cikin miliyan. Ganet tana karɓar ɗan kaɗan daga gare shi, kuma yawan abin da take karɓa ya dogara ga zafi: in wuri ya fi zafi, ta fi karɓa. Da kimbalait ya fizgo ta ya sanyaya ta farat ɗaya, nikel ɗin ya tsaya cak a yadda yake. William Griffin da Chris Ryan da abokan aikinsu a Ostireliya suka mayar da wannan ma'aunin zafi a 1989. A lissafinsu da suka gyara daga baya, nikel kashi 20 cikin miliyan yana nufin digiri kusan 800, kashi 50 ya ɗan haura 1,000, kashi 100 kuwa wajen 1,300. Tunda an san yadda zafi ke ƙaruwa da zurfi a ƙarƙashin tsohuwar nahiya, in ka samu zafi ka samu zurfi. In ka auna ƙwaya ɗari biyu daga kimbalait guda, ka ɗora kowace a zurfinta, sai ga tsarin ƙasa hawa-hawa a gabanka, ka ga ko dakon ya ɗebo kaya da yawa daga inda lu'ulu'u ke iya zama, ko daga sama-sama kawai ya yagi rabonsa.

Yau da hasken leza aka fi yin wannan awo. Lezar tana huda rami mai faɗin kashi uku zuwa biyar cikin ɗari na milimita, iskar hiliyam ta kwashi ƙurar ta kai ta cikin wata wuta mai zafin digiri dubbai, inda komai ke wargajewa, na'ura ta tantance sinadaran bisa nauyinsu ta ƙirga. Kafin a harba lezar sai an saurari na'urar na kusan rabin minti babu komai a cikinta, don a san hayaniyarta ta kanta a cire. Bayan kowaɗanne 'yan ƙwayoyi sai a koma kan wani gilashi da aka riga aka san abin da ke cikinsa, a ga ko na'urar ta fara kaucewa. Kuma dole awon lantarki ya riga na leza, saboda leza cinye wurin take yi, kuma da kalsiyam ɗin da aka samu a awon farko ake daidaita na biyu. Mai gaggawa zai iya tsallake rabin waɗannan, na'urar ba za ta ƙi ba shi lambobi ba, har da ɗigo da sifili. Sai dai lambobin ba su da tushe, kuma a kansu wani zai kashe miliyoyi yana haƙa.

Sauran ɓurɓushin kuma tarihi suke bayarwa. Ganet da ta fito daga tsantsar saiwar nan tana da ƙarancin zakoniyam da itiriyam da taitaniyam. In an ga sun ƙaru, wani ruwa ko narkakken dutse ya ratso daga baya ya sake shayar da wurin, kuma yadda suka ƙaru yana nuna ko wane iri ne. Wannan ba ƙaramin labari ba ne ga mai nema, domin wani ruwan shi ke kawo kabon ya ajiye lu'ulu'u, wani kuma cinye shi yake yi. Akwai kuma wasu sinadarai 'yan gida ɗaya, daga lantanam zuwa lutishiyam, da ake jerawa daga marar nauyi zuwa mai nauyi. Ana raba yawan kowanne da yawansa a cikin wani jinsin dutsen da ke faɗowa daga sama, wanda ke wakiltar kayan da aka gina duniya da su, sannan a zana layi. Ganet ta yau da kullum layinta yana farawa ƙasa, ya hau, ya miƙe. Ta G10 kuwa sai ya hau, ya gangaro, ya sake hawa. Nobumichi Shimizu da Stephen Richardson ne suka nuna wannan lanƙwasa a 1987. Gangaren alamar tsohuwar narkewa ce, tudun farko kuma sawun ruwan da ya zo daga baya. Abubuwa biyu da wataƙila shekaru miliyoyi ɗaruruwa ke tsakaninsu, ga su a layi ɗaya. Irin wannan awo Thomas Stachel da Jeff Harris suka yi wa lu'ulu'un Akwatia ta ƙasar Ghana a 1997.

Duk wannan ilimi daga cikin lu'ulu'u ya samo asali, daga abin da mai sayar da kayan ado ke kira aibi. Ɗigon da ke rage wa dutse kuɗi a kasuwa ƙwayar ma'adini ce da lu'ulu'u ya rufe yana girma. Lu'ulu'u ba ya barin komai ya shiga ko ya fita, don haka ƙwayar tana nan yadda take tun ranar da aka kulle ta. Kusan ɗaya cikin ɗari ne ke ɗauke da ƙwayar da ta isa a yi aiki da ita, shi ya sa irin su Harris suka shafe shekaru a ɗakunan tantance lu'ulu'u suna duba ƙananan duwatsu ɗaya-ɗaya.

In an samu, ba a gaggawar fasawa. Ana juya dutsen ta kowace fuska a ƙarƙashin madubi, ana neman ko akwai tsagar da ta taso daga ƙwayar ta kai waje. In akwai, an ajiye shi gefe, domin ruwan kimbalait ya iya shiga ya gurɓata ta. In babu, a auna nauyinsa, a ɗauki hotonsa, a zana inda kowace ƙwaya take, a rubuta launinta. Lu'ulu'u ya fi komai tauri wajen ƙarzuwa, amma yana da fuskoki huɗu da yake tsagewa ta kansu in an buga daidai. Ana sa shi cikin wani ɗan akwatin ƙarfe rufaffe, a matsa a hankali har a ji ƙas. Sai a zazzage ɓaraguzan cikin ƙaramin faranti na gilashi, a shiga neman ƙwayar da ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, a tsakanin tarkace masu ƙyalli. Da bakin allura ko silin gashin burushi ake ɗaukarta. Numfashi mai ƙarfi yana iya ɗauke ta, haka ma ɗan lantarkin da ke taruwa a jikin gilashi yana iya sa ta yi tsalle ta ɓace, kuma babu ta biyu. Wanda ya iya yana ja da baya kafin ya saki numfashi.

Da irin wannan haƙuri Richardson da Gurney da Erlank da Harris suka tara ɗaruruwan ganet daga lu'ulu'un Kimbali da Finsch, domin a lokacin ƙwaya ɗaya ba ta isa awo ba. Suka narkar da su, suka auna samariyam da niyodimiyam, wanda wani nau'in na farkon ke rikiɗewa ya zama na biyun a sannu, rabinsa cikin shekara biliyan 106. Sakamakon da suka fitar a 1984 ya nuna shekara kusan biliyan 3.3, alhali kimbalait ɗin Kimbali bai wuce shekara miliyan 90 ba. Ashe lu'ulu'un ya daɗe yana jiran mai ɗaukarsa.

Wasu ƙwayoyin daga nesa suke fiye da haka. Ganet ta al'ada tana da silikon uku a kan kowane oksijin 12. A 1985 Rory Moore da Gurney suka samu masu fiye da uku a lu'ulu'un mahaƙar Monastery, abin da ba ya yiwuwa sai matsi ya kai na zurfin kilomita 250 ko fiye, kuma yawan rarar yana nuna yawan zurfin. Irin waɗannan na can ƙasa an same su a Kankan ta ƙasar Gini da Juina ta Burazil. Daga Juina ɗin ne aka samu wani ɗan lu'ulu'u marar kyan gani mai ɗauke da ringwudait, wato siffar da olibin ke komawa a zurfin kilomita 520 zuwa 660. A nan gwanintar ita ce ƙin fasawa, domin matsin lu'ulu'un ne ke riƙe da ƙwayar a siffarta. Graham Pearson na Jami'ar Alberta da abokan aikinsa suka bi ta da haske kawai, leza da eksire da hasken da ke ƙasa da ja, ta cikin jikin dutsen. A 2014 suka bayyana cewa kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na nauyinta ruwa ne, a ɗaure cikin ginin ma'adinin.

Har yanzu akwai muhawara a kan tushen aikin kansa. An daɗe ana ɗauka cewa ƙwaya da lu'ulu'unta tare suka girma, saboda ƙwayar takan ɗauki siffar lu'ulu'un maimakon tata. Fabrizio Nestola na Jami'ar Padova da wasu sun auna yadda ginin ƙwayoyin olibin ke fuskanta a cikin lu'ulu'u, suka ga wani lokaci ƙwayoyi da dama a dutse guda suna kallon wuri ɗaya, alamar gutsattsarin tsohon ma'adini guda ne da lu'ulu'u ya zo ya tarar ya rufe. In haka ne, shekarun ƙwaya ba lallai su zama na lu'ulu'un ba, sai in zafin wurin ya isa ya sake daidaita agogonta lokacin rufewar. Shi ya sa yanzu, kafin a sa dutse cikin akwatin ƙarfe, masu aikin da yawa sukan fara ɗora shi a na'urar eksire su rubuta alƙiblar kowace ƙwaya tana nan a mazauninta.